Hanci Ya Yi Aiki, Baki Na Azumi

Kabarin Muhammad Ali ne ya kai ni Louisville. Tun ina ɗan ƙarami nake jin sunansa a bakin mahaifina, mutumin da bai taɓa ganin damben Turawa da idonsa ba, sai dai ya kara rediyo a kunne a rumfarsa ta turare da ke Kasuwar Kurmi. Da aiki ya kai ni Amurka a wani watan Oktoba, na ce ko kwana uku ne sai na ratse jihar Kentaki na yi wa bawan Allahn nan addu'a a maƙabartar Cave Hill, inda aka sa shi a watan Yunin 2016. Wanda ya tarbe ni a filin jirgi, filin da shi ma sunan Ali aka sa masa tun 2019, abokina ne na jami'a, mutumin Jos, wanda ya fi ni iya baƙar magana da Hausa. Ya daɗe yana aikin jinya a garin. Shi Kirista ne, yakan taɓa kwalba jefi-jefi. Ni kuwa ko warin burkutu na jiyo a lungu sai na sake hanya. Alaramma yake ce mini tun muna ɗaki ɗaya, ni kuma in ce masa Ɗan Jos.

Muna dawowa daga maƙabarta ya dube ni ya ce, "Alaramma, gobe za ka yi mana aikin lada."

Na ce, "Wane irin lada ne zai fito ta hannunka?"

Ya ce, "Tuƙi kawai."

Ashe suna da wata 'yar ƙungiya, su shida, masu haɗa kuɗi duk shekara su sayi ganga guda sukutum ta wiskin da ake kira burbon. Kamfani yakan fito musu da ganguna uku ko huɗu, su ɗanɗana, su zaɓi ɗaya, a ɗura musu ita a kwalabe yadda take, ba a sirka ta da ruwa ba. Wanda ya kurɓi irin wannan tun da hantsi ba ya riƙe sitiyari, in ba so yake ya kwana a hannun 'yan sanda ba. Suna neman wanda ba ya sha, ga shi Allah ya jefo musu ni.

Na yi jim. Na san hadisin da ya lissafa waɗanda aka la'anta a kan giya, har da mai ɗaukarta. Na ce masa mutane zan ɗauka, kwalba ko ɗaya ba za ta shiga motar da nake tuƙawa ba. Ya yi dariya ya ce ai kwalaben sai bayan wata biyu ko uku suke zuwa, ta hannun mai kanti. Ko malamanmu za su karɓi wannan dabara tawa, wannan tsakanina da su ne. Gaskiyar magana ita ce son ganin ƙwaƙwaf ya fi ƙarfina.

Daga Louisville zuwa Bardstown bai fi kilomita 65 ba, hanya ce mai ratsa tudu da gangare, ga gonakin masara an girbe, ga dawakai suna kiwo a bayan shingen katako. Abin da ya fara ɗaukar hankalina baƙi ne. Muna kusantar garin sai na ga kututturen bishiyoyi, da allunan hanya, da bangon gidaje duk sun yi baƙi ƙirin kamar bangon madafa. Na zaci gobara aka yi. Wani dattijo a cikin 'yan ƙungiyar, tsohon malamin makaranta, ya ce mini wata irin fumfuna ce da ke cin tururin barasar da ke fita daga ganguna. Duk inda ka ga wannan baƙi, ka duba kusa, akwai rumbun wiski. Kuma ga su nan a kan tuddai, dogaye, masu hawa bakwai ko fiye, an lulluɓe su da kwano, da 'yan tagogi ƙanana jere, kamar gidan yarin da aka manta da fursunoninsa. Kowanne yakan ci ganga dubu ashirin ko kusa da haka. An bar tazara mai yawa tsakaninsu saboda wuta, domin a watan Nuwamban 1996 gobara ta tashi a kamfanin Heaven Hill a nan Bardstown ta cinye ganga wajen 90,000, wiski mai ci da wuta ya riƙa gangarowa daga tudu kamar ruwan kwari. Mutanen jihar wajen miliyan huɗu da rabi ne, amma gangunan da ke kwance a rumbunansu sun ninka su fiye da sau biyu.

Sunan burbon kansa na Faransa ne. Bourbon gidan sarautar Faransa ne, waɗanda suka taimaki Amurkawa a yaƙinsu da Ingila, shi ya sa aka sa wa wata gunduma a nan sunansu, kamar yadda aka sa wa Louisville sunan sarkinsu. Sai a 1964 majalisar dokokin Amurka ta ayyana burbon a matsayin abin sha na ƙasar, wanda ba a yarda a yi shi a wata ƙasa a kira shi da wannan suna ba. A wannan shekarar ce kuma Ali, yaron Louisville, ya buge Sonny Liston ya fito ya ce shi Musulmi ne. Jiha ɗaya, shekara ɗaya.

Ba kowane wiski ne burbon ba, akwai ƙa'idoji a rubuce. Dole masara ta kai kashi 51 cikin ɗari na hatsin da aka dafa. Sauran yakan zama tsiron sha'ir da wani hatsi mai ɗan yaji da suke kira rai, ko kuma alkama, kamar yadda masu Maker's Mark suke yi. Dole a zuba shi a sabuwar ganga ta icen da suke kira ok, wadda aka babbake cikinta da wuta. Ba a sa masa kala, ba a sa masa sukari. Ƙarfinsa kuma da wani ma'auni suke auna shi, furuf, wanda ninki biyu ne na yawan barasar da ke ciki: furuf 100 yana nufin rabi barasa, rabi ruwa. Ana ba da labarin cewa a Ingila ta dā albarushi ake jiƙawa da giya a kyasta masa wuta, in ya kama, an tabbatar ba a yi ha'inci ba. Doka ta ce kada ya wuce 160 idan ya fito daga tukunya, kada ya wuce 125 idan zai shiga ganga, kada ya gaza 80 idan zai shiga kwalba. Yawancin na kanti 80 ne zuwa 100, domin an ƙara masa ruwa. Wanda mutanena suka zo nema shi ne wanda ba a ƙara wa komai ba.

Kamfanin da muka je ɗan madaidaici ne, a bayan gari. Ɗakin farko da aka shiga da mu ya ba ni dariya, domin ƙamshin koko ne tsaf, kokon da ya kwana ya fara tsami. Manyan randuna ne na katako da na ƙarfe, zurfinsu ya ninka tsayin mutum, cike da kunun masara yana ɓararraka shi kaɗai ba wuta a ƙarƙashinsa, yis yana aikinsa. Kwana uku zuwa biyar yake yi a haka. Duk sabon dahuwa sai an zuba masa wani kaso na ragowar wanda aka tafasa a baya, domin tsaminsa ya daidaita ya kuma hana shi lalacewa. Na ce wa Ɗan Jos ai wannan dabarar matan Fulani ce, masu rage tsohon nono a ƙwarya su zuba sabuwar madara a kai. Abin da ya rage bayan an tatse barasar, shanun maƙwabta ake ba, kamar dusa.

Daga nan aka nuna mana doguwar tukunyar jan ƙarfe, tsaye kamar hasumiya, da wani ɗan akwatin gilashi inda ruwan ke tsiyaya fari tas. Farin kare suke kiransa. Mai zagayawa da mu ya riƙa zuba wa kowa kaɗan a tafin hannu, ya ce a murza a tafa a shinshina. Da ya zo kaina na mayar da hannuna baya, na ce akwai salla a gabana. Bai yi gardama ba. Ɗan Jos ya miƙo mini nasa tafin. Da farko zafi ne kawai, sannan ƙamshin gasasshiyar masara, da ya ƙara murzawa sai na burodi mai ɗumi. Ba ja, ba zaƙi. Duk wannan ganga ce ke bayarwa.

Gangar tana cin lita 200 ko kusa, ba ƙusa ba gam, katako ne kawai aka fere aka ɗaure da zoben ƙarfe. Kafin a rufe ta ana hura wa cikinta wuta, daƙiƙa 15 zuwa 55, gwargwadon yadda mai saye yake so. Ta ƙarshen takan sa cikin ya tsattsage kamar bayan kada. A ƙarƙashin gawayin akwai wani jan layi inda zafi ya narkar da sukarin da ke cikin icen. Idan bazara ta yi zafi wiski ya kumbura ya kutsa cikin katako, idan sanyi ya zo ya janye ya fito da abin da ya samo. Shekara huɗu, takwas, goma sha biyu, yana shiga yana fita. Sau ɗaya tak ake amfani da ganga a nan, daga nan sai a sayar wa masu wiskin Sikotland da masu ram na tsibiran Karibiyan.

Cikin rumbun duhu ne da sanyi a ƙasa, katako yana ƙara a ƙarƙashin ƙafa, ganguna jere a kan sigogi har inda ido ya gaza. Iskar ciki kuwa ta yi kauri, ƙamshin alewa da ruɓaɓɓen ice da ƙura, sai ka ji kamar a yanka da wuƙa. Wannan shi ne abin da ke ƙafewa ta jikin katako, kashi uku zuwa biyar cikin ɗari duk shekara. Rabon mala'iku suke ce masa. Na ce a raina mala'ikun da aka karantar da ni ba su da rabo a nan, amma ban faɗa ba, baƙo ne ni.

Hawa bene ne ya warware mini abin da ya ɗaure mini kai. Doka ta ce 125, amma ga kwalabe ana sayarwa da 130, da 135, har George T. Stagg na kamfanin Buffalo Trace wasu shekarun yakan haura 140. Daga ina ƙarin yake zuwa? A hawa na sama, kusa da kwano, akwai zafi da bushewa. A can ruwa ya fi barasa saurin gudu ta jikin katako, sai abin da ya rage ya ƙara ƙarfi, kamar miyar da aka bari a wuta ta tsotse. A hawa na ƙasa, inda akwai laima, wani lokacin ƙarfin raguwa yake yi. Ganguna biyu da aka cika rana ɗaya daga tukunya ɗaya, ɗaya ta kwana sama ɗaya ta kwana ƙasa, bayan shekara takwas ba ka cewa uwarsu ɗaya. Wanda ya wuce 140 ma ba a yarda ya hau jirgin sama ba, ko a jakar hannu ko a cikin kaya, domin a wajen hukuma ɗan'uwan fetur ne. Wannan haramcin shi ya ƙara masa farin jini. Akwai wani saurayi a cikin ƙungiyar, mai ɗan littafi a aljihu, wanda duk hirarsa a mota ba ta wuce lamba: ya taɓa shan 138, abokinsa yana da 142.

A tsakiyar hawa na ƙasa aka gangaro da ganguna huɗu, aka rubuta musu 1 zuwa 4 da alli, aka juya fuskar da ke da bayani ta kalli bango. Wadda za ta jagoranci zaɓen wata mata ce da za ta yi shekara hamsin da wani abu, gajeriya, da rigar sanyi da takalmin aiki. Ita ce babbar mai ɗanɗanon kamfanin. Ta gaisa da kowa, ta zo kaina, ta tsaya. Ta ɗan ja iska. Sai ta ce, cikin ladabi amma ba wasa, ko zan taimaka in je in wanke wuyan hannuna da bayan kunnena, ga famfo can a waje.

Ni ɗan mai turare, an kore ni saboda turare. Da safe na shafa ɗan abin da nake yawo da shi a aljihu, haɗin wani ƙanen mahaifina, ɗigo biyu kacal. Ɗan Jos har da riƙe ciki. Na je na wanke da ruwan da ya kusa tsinke mini yatsu, na dawo. Ta yi mini godiya, ta ce ita ba ta shafa turare ranar aiki, ba ta shan kofi kafin ɗanɗano, sabulunta ma marar ƙamshi ne.

Wani ma'aikaci ya bugi gefen ganga da guduma ta katako har toshiyar ta yi tsalle. Ya zura wani dogon bututun jan ƙarfe, ɓarawo suke kiransa, ya toshe samansa da babban yatsa, ya zaro, ya saki a cikin kofunan gilashi masu faɗin ciki da tsukakken baki. Launin kamar zumar da ta daɗe, da ɓurɓushin gawayi yana yawo a ciki. Ta tambaye ni ko zan karɓi kofi in shinshina kawai. Na karɓa, na dulmuya hancina ciki na ja da ƙarfi kamar mai mura.

Wuta! Idona ya kawo ruwa, hancina ya mutu murus, na yi minti biyu ban ji ƙamshin komai ba. Kuma kunyar da na ji ta fi zafin, domin wannan shi ne kuskuren da mahaifina yake rankwashinmu a kai. Bai taɓa yarda mai saye ya kai hanci bakin kwalba ba. Yakan ɗiga a bayan hannu, ya ce a bari ya huce, a yi hira, a sake shinshinawa. Abin da ya fara tashi, in ji shi, ɗan aike ne, mai gidan yana baya.

Matar nan kusan abin da ta ce ke nan. Ta ce a riƙe kofin a ƙasan haɓa, a ɗan buɗe baki, a riƙa wucewa da shi ta gaban hanci a hankali, wannan ƙofa sannan waccan. In hanci ya gaji a shinshina gwiwar hannu ta ciki, warin jikinka ne zai mayar da kai sifili. Barasa mai ƙarfi jijiyar da barkono ke tsokana ita take tsokana, don haka zafin da mutum yake ji ba ɗanɗano ba ne, ƙara ce kawai jiki yake kaiwa. Kurɓar farko ba a hukunci da ita, ta gargaɗin harshe ce. Ta biyu ake juyawa a baki ko'ina, ana motsa muƙamuƙi kamar ana tauna. Wannan taunar, Booker Noe ne ya yi suna da ita, jikan Jim Beam, wanda ya riƙa ɗura wa abokansa wiski kai tsaye daga ganga a matsayin kyauta kafin a fitar da shi kasuwa da sunan Booker's a 1988. Kusan daga nan wannan yayi na mai ƙarfi ya samo asali. Sannan a jira a ga abin da ya rage bayan an haɗiye: tsawonsa, da ko zaƙi ya bari ko ɗaci, da ɗumin da ke sauka a ƙirji, wanda suke kira rungumar Kentaki.

Na zuba musu ido. Dattijo malamin makaranta yana rufe ido, ya daɗe kafin ya yi magana. Ɗan Jos ya yi tari a ganga ta farko, ya ce mini da Hausa, "Alaramma, wannan ko janareta aka zuba wa zai tashi." Saurayi mai littafi yana rubutu tun kafin ya haɗiye. Ita kuwa matar, kofin roba ne a hannunta na hagu, duk abin da ta kurɓa sai ta juya ta tofar. Ba ta haɗiyi ko ɗigo ba.

Da hancina ya farfaɗo sai na fara jin abin da suke faɗa. Su suna cewa banila da ƙonannen sukari da 'ya'yan itatuwan ƙasarsu, ni kuma ina jin kayan gidanmu. Ta ɗaya gyaɗa ce soyayya da ɗan ɗanyen ice. Ta biyu ba ta da hayaniya, alewar madara da ɓawon lemo, sai can baya ɗan kanumfari. Ta uku ta tsayar da ni: dabino, kirfa, sabuwar fata daga majema, da wani abu kamar ɗakin amarya bayan turaren wuta ya mutu. Ta huɗu masoro ce da citta da wuta, duk dabarar da na yi sai ta kore ni. Aka kawo ruwa da ɗan tsinken roba, kowa ya ɗiga biyu ko uku a kofinsa. Ruwan ya yi zare-zare a ciki kamar an zuba mai. Ta ɗaya ta faɗi warwas, ta koma ruwan katako. Ta biyu ta buɗe kamar an ɗaga murfin tukunya. Ta huɗu da zafinta ya ragu sai na ga ba wani abin kirki a bayansa, kamar mai tsiren da ya labta yaji don naman bai kai ba.

Aka kaɗa ƙuri'a. Huɗu suka zaɓi ganga ta huɗu, dattijo da Ɗan Jos suka zaɓi ta biyu. Aka tambaye ni don raha, na ce ta uku, ba ko shakka. Sannan aka juyo fuskokin gangunan. Ta huɗu daga hawa na sama take, ƙarfinta ya haura 130, ita ce ta fi kowacce. Ta biyu ko 120 ba ta kai ba. Saurayi mai littafi ya daki iska, ya ce shi dama ya sani.

Ban ga laifinsu sosai ba. Mai ƙarfi ya fi tsada, ya fi wuyar samu, kuma lamba abu ce da mutum zai iya nuna wa abokinsa, ƙamshi kuwa sai an yi ta bayani. Akwai kuma tsohon dalili. A ƙarni na 19 'yan kasuwa sun riƙa sayen farar barasa su rina ta da ruwan taba da ƙonannen sukari da aidin su sayar a matsayin tsohon wiski. Masu yin na gaskiya, irin su Kanar E. H. Taylor, suka matsa har aka yi dokar 1897: wanda aka yi a kamfani ɗaya, a kaka ɗaya, ya shekara huɗu a rumbun da gwamnati ke riƙe da makullinsa, aka ɗura shi a furuf 100 daidai, shi ne zai sami hatimin hukuma. Tun daga lokacin ƙarfi ya zama shaidar cewa ba a cuce ka ba. Sai dai shaidar rashin ha'inci daban, kyau daban. A manyan gasanni, irin wadda ake yi a San Francisco tun shekarar 2000, alƙalai ba sa ganin kwalba ko suna ko farashi.

Su suna cike takardu, ni na fita shan iska, sai ga ta ta fito. Na tambaye ta wacce za ta ɗauka da ita ce mai saye. Ta ce ta biyu. Na ce to ta ukun fa? Ta yi murmushi ta ce hancina bai yi ƙarya ba, ta uku ta fi kowacce ƙamshi, amma ta daɗe a ice fiye da kima, a harshe tana da bauri mai busar da baki, kamar an tauna ɗanyen goro an rasa ruwa. Goron nawa ne, ita da baƙin shayi ta kwatanta. Wannan hanci ba ya gani, sai an sa a baki. Ta ce a ɗakin gwajinsu ma ba a wannan ƙarfin suke hukunci ba, sirkawa suke yi da ruwa har ya sauko kashi 20 cikin ɗari, domin a nan ne aibi ba ya samun wurin ɓuya, ko fumfuna ce ko hatsin da ya lalace. Da safe suke yi, a tofar, a koma ofis. Wato mutanen da aka ɗauka aiki don su san wiski su ne suke kashe masa ƙarfi kuma ba sa haɗiyewa, masu saye kuma suna layi suna neman wanda jirgi ya ƙi ɗauka.

Jihar kanta haka take da fuska biyu. A cikin gundumominta 120 har yanzu akwai waɗanda doka ta hana sayar da giya. A nan aka haifi Carrie Nation a 1846, matar da ta riƙa shiga mashaya da ɗan gatari tana farfasa kwalabe. Da a Kano aka haife ta, Hisba ba ta rasa kwamanda ba. Daga 1920 zuwa 1933 Amurka gaba ɗaya ta haramta giya, amma aka bar kamfanoni shida suna sayar da wiski a matsayin magani, likita ya rubuta maka kusan rabin lita duk kwana goma. Marasa lafiya suka yi yawa a ƙasar. Ɗan Jos kuma, da yake a asibiti yake kwana, ya san ɗaya ƙarshen labarin, masu kumburin hanta da waɗanda ake kwasowa daga titi. Shi ya sa kwalba ɗaya take yi masa wata shida, kuma shi ya sa ya nace sai an sami direba.

Kafin mu rabu ta ce ko zan nuna mata abin da ta sa na wanke. Na fito da 'yar kwalbar. Ba ta kai hanci bakinta ba. Ta ɗiga a bayan hannu, ta kaɗa, ta tambaye ni yadda na ga garinsu, muka yi maganar sanyi da maganar Ali, sannan ta shinshina. Ta ce akwai sandal, akwai miski, akwai fure, akwai kuma wani abu mai ɗan ƙauri kamar daga teku ya fito, wanda ba ta san shi ba. Farce ne, wanda matan Borno ke soyawa su daka a humra. Na rasa sunansa da Turanci, sai na nuna mata ƙumbata na kwatanta mata dodon koɗi. Ta sake shinshinawa, ta gyaɗa kai, ta ce yau ba za ta koma ɗakin gwaji ba ke nan.

A hanyar dawowa ba mu yi kilomita goma ba mota ta yi tsit, saura dattijo da ke ta ba ni labarin ɗalibansa. La'asar tana neman ƙwacewa, na ratse wani gidan mai, na yi alwala a bayan gida, na zagaya gefe inda akwai ciyawa. Na cire jaket ɗina na shimfiɗa, na duba alƙibla a waya. Ina sunkuyawa in gyara shi sai rumbun nan gaba ɗaya ya taso mini daga jikin yadin, alewa da gawayi da tsohon katako. Na naɗe shi na ajiye a gefe, na koma shagon na roƙi yaron da ke kan kanta wani kwalin ruwan roba da ya zama fanko. Ya ba ni ba tare da ya tambayi dalili ba. Na ɓare shi na shimfiɗa, na ta da kabbara, manyan motoci suna ta wucewa ta bayana zuwa Louisville.